Kunne Ya Ji, Baki Ya Ƙi Gyaruwa: Nazarin Aikin Wani Farfesan Faransanci a Kanada

Asalin lamarin, daga 1965

A shekarar 1965 wasu iyaye masu magana da Ingilishi a St. Lambert, wani gari da ke tsallaken kogi daga birnin Montreal a lardin Kebek na ƙasar Kanada, suka gaji da irin Faransancin da ake koya wa 'ya'yansu na 'yan mintoci a kowace rana, wanda yaro kan gama makaranta bai iya yin ciniki da shi a kanti ba. Suka matsa wa hukumar makarantu lamba, suka kuma nemi goyon bayan masana na Jami'ar McGill, musamman Wallace Lambert, har aka amince aka buɗe aji guda na share fagen firamare mai yara 26. A wannan aji malama ba ta yi wa yara magana sai da Faransanci, kuma da suka ci gaba, da Faransancin aka koya musu lissafi da kimiyya da tarihi, darasin Ingilishi kuwa sai daga baya ya shigo. Wannan shi ne tsarin da za a kira tsarin tsunduma a cikin wannan rubutu, domin ana tsunduma yaro ne cikin harshen kamar yadda ake tsunduma mai koyon iyo cikin ruwa.

Sakamakon farko ya faranta wa kowa rai. Yaran ba su yi asarar Ingilishinsu ba, ba a bar su a baya a lissafi ba, kuma wajen fahimtar Faransanci, a ji ko a karance, sun yi kusa da yaran da aka haifa cikin harshen. Bayan da Kanada ta kafa dokar harsunan hukuma a 1969, wadda ta daidaita matsayin Ingilishi da Faransanci a gwamnatin tarayya, tsarin ya bazu zuwa sauran larduna. A farkon shekarun 1980 masanin nan na Amurka, Stephen Krashen, ya riƙa kafa hujja da shi a kan ra'ayinsa cewa harshe yana shiga ne ta hanyar jin maganar da aka fahimta, kuma idan aka wadata mai koyo da irin wannan magana, nahawu zai zo da kansa.

Mutumin da wannan nazari ya shafa, Roy Lyster, ɗan Kanada ne da ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Regina, ya yi digiri na biyu a ɗaya daga cikin jami'o'in birnin Paris, sannan ya sami horon malanta a Jami'ar Toronto. Kafin ya zama malamin jami'a, malamin aji ne a tsarin tsunduma, kuma a nan matsalar da ta mamaye duk aikinsa ta fara tsaya masa a rai.

Bayyanar matsalar, 1985 zuwa 1988

Ɗaliban da ya tarar sun shafe shekaru suna jin Faransanci safe da rana. Ba sa jin kunyar magana, ba sa in'ina, kuma duk abin da malami ya faɗa suna ganewa. Sai dai Faransancin da ke fita daga bakinsu wani iri ne na dabam. Yaro yakan ɗauki ginin jimlar Ingilishi ya zuba masa kalmomin Faransanci, ya ce *je suis douze* a inda Bafaranshe zai ce *j'ai douze ans* idan yana nufin shekarunsa 12. Sukan sa *le* na namiji a inda *la* na mace ya dace, su sa *la* a inda *le* ya dace, kamar mai koyon Hausa da ke cewa "mota ya tafi" shekara da shekaru ba tare da ya ji wani abu ya soke shi a kunne ba. Sukan kuma kira kowa da *tu*, har da baƙo da shugaban makaranta, alhali Faransanci yana ware *vous* domin girmamawa, kusan yadda Bahaushe mai ladabi kan ce wa dattijo "kun tashi lafiya" ko da shi kaɗai ne a zaune.

Abin da ya sa kurakuran suka kafu shi ne ba sa hana kowa fahimta. Duk yaran ajin harshen gidansu ɗaya ne, saboda haka kuskuren da ɗaya ya yi sauran sun san daga inda ya fito, malamin ma ya saba da shi. A 1987 malamin ya buga wata maƙala a wata mujallar koyar da harsuna ta Kanada, inda ya bayyana cewa ɗalibansa sun ƙirƙiro wa kansu wani karin harshe na cikin aji, wanda ke biya musu bukata a tsakaninsu amma ya tsaya cik, ba ya matsawa kusa da Faransancin masu harshen.

Ba shi kaɗai ya lura ba. A 1985 Merrill Swain ta Toronto ta riga ta nuna cewa 'yan aji shida na tsarin tsunduma sun yi nisa a fahimta amma nahawunsu bai kai ba, ta kuma kawo ra'ayin cewa mai koyo yana bukatar a tura shi ya yi magana daidai, domin mutum yana iya gane jimla daga ma'anar kalmominta ba tare da ya taɓa duba yadda aka gina ta ba. Binciken da ita da abokan aikinta suka yi a cikin azuzuwa ya ƙara nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na aikatau da malamai ke furtawa na lokaci mai ci ne ko na umarni, kuma kashi 19 cikin ɗari kacal na kurakuran nahawu ake gyarawa. Ke nan akwai sassan harshen da yaro zai yi wuni a makaranta bai ji su ba, *vous* na girmama mutum ɗaya yana cikinsu.

Gwajin farko, 1993 zuwa 1994

Hanyar da ta fara zuwa a ran masu bincike ita ce a ware wani sashe na nahawu a koyar da shi da gangan. Birgit Harley ta gwada haka a 1989 da 'yan aji shida a kan bambancin lokutan da suka shuɗe guda biyu na Faransanci. An ga ci gaba nan take, amma da aka sake gwaji bayan watanni uku, tazarar da ke tsakanin waɗanda aka koya wa da waɗanda ba a koya wa ba ta dushe.

Malamin, wanda a lokacin ya koma Jami'ar Toronto neman digirin digirgir, ya zaɓi matsalar ladabin magana. Ya shirya darussa a kan yadda magana ke sauyawa gwargwadon wanda ake yi wa ita, aka koyar da su a azuzuwa uku na 'yan aji takwas na kimanin sa'o'i 12 a cikin makonni biyar, aka bar azuzuwa biyu domin kwatanci. Ɗalibai 106 ne suka shiga. An sa su kwatanta wasiƙar aboki da wasiƙar hukuma, an kuma sa su wasan kwaikwayo inda sai sun zaɓi *tu* ko *vous* bisa ga wanda ke gabansu, ana tsayar da su idan sun kauce. An gwada su kafin darussan, da bayansu, da kuma bayan an ɗan jinkirta. Waɗanda aka koya wa sun fi takwarorinsu amfani da *vous* a inda ya dace, a baki da a rubuce, kuma ci gaban bai zube ba a gwajin ƙarshe. Ya kammala digirin a 1993, aka buga sakamakon a 1994.

Wannan nasara tana da iyaka bayyananna. Zaɓi tsakanin kalmomi biyu abu ne da ɗalibi mai shekara 13 zai iya riƙewa da hankalinsa, kuma darasi na musamman na makonni biyar bai taɓa sauran sa'o'in da yaro ke yi yana jin lissafi da tarihi da Faransanci ba, inda a nan ne kurakuran ke ta maimaituwa.

Sauraren aji, 1997 zuwa 1998

Bayan ya koma Jami'ar McGill a matsayin malami a fannin koyar da harshe na biyu, ya sauya tambayar. Maimakon ya kawo wa aji sabon darasi, sai ya nemi sanin abin da malamai ke yi da kansu idan yaro ya yi kuskure. Shi da wata abokiyar bincikensa suka naɗi sautin darussa 27 a azuzuwa huɗu na firamare a yankin Montreal, jimlar sa'o'i 18.3, suka rubuta kowace magana, suka bi diddigin kowane kuskure: me malami ya ce, me yaro ya mayar.

Sun gano hanyoyi shida na gyara. Akwai gyara ƙarara, inda malami ke cewa ba haka ake faɗa ba, ga yadda ake faɗa. Akwai gyara a fakaice, inda malami ke maimaita maganar yaron a gyare ba tare da ya ce an yi kuskure ba. Sauran huɗun sun yi tarayya a abu ɗaya, wato malami ba ya ba da amsa: ko dai ya nuna bai ji ba domin a sake faɗa, ko ya yi nuni da ƙa'idar, ko ya fara jimlar ya dakata domin yaro ya ƙarasa, ko ya maimaita kuskuren da muryar tambaya. Waɗannan huɗun daga baya aka haɗa su a rukuni guda, wanda za a kira zunguri a nan.

Domin a ga bambancin kusa, a ɗauka ana darasin labarin ƙasa, malama ta tambayi abin da ke raba garuruwa biyu a taswira, yarinya ta ce *le rivière* maimakon *la rivière*, wato kogi. Idan gyara a fakaice ne, malama za ta ce *la rivière, oui, très bien*, ta juya ga allo. Yarinyar ta ji "e, madalla", ta zauna da farin ciki, kuma babu abin da ya wajabta mata lura cewa harafi ɗaya ya sauya. Idan kuwa zunguri ne, malama za ta ɗaga gira ta ce *le rivière?* ta yi shiru. Dole yarinyar ta koma cikin abin da ta sani ta lalubo *la* da kanta, ko wata a gefenta ta raɗa mata.

Alƙaluman sun nuna cewa gyara a fakaice shi ne kashi 55 cikin ɗari na duk gyaran da malaman suka yi, kuma shi ne mafi ƙarancin tasiri a nan take: a kashi 69 cikin ɗari na lokutan da aka yi shi yaron bai mayar da komai ba, darasi ya wuce, kuma kashi 18 kacal ne suka kai ga yaro ya furta daidai, wanda shi ma maimaita abin da malami ya faɗa ne. Hanyar fara jimla a dakata kuwa, duk lokacin da aka bi ta sai da yaro ya mayar da wani abu, kuma kusan rabin lokutan ya gyara. An buga wannan a 1997.

A 1998 ya sake komawa kan waɗannan rubuce-rubucen ya fito da dalilin. Malaman suna maimaita maganar yara ko da daidai take, domin duk aji su ji kuma domin a nuna an karɓa, da murya iri ɗaya da kalmomin yabo iri ɗaya da waɗanda ke raka gyara a fakaice. Yaro ɗan shekara tara da hankalinsa ke kan taswira ba shi da hanyar rarrabe maimaicin amincewa da maimaicin gyara. Malamin yana ganin ya yi gyara cikin ladabi ba tare da ya kunyata kowa ko ya katse darasi ba, yaron kuma yana ganin an yaba masa.

Wannan aiki ya jawo suka mai ƙarfi, kuma sukar tana da tushe. Masu kare gyara a fakaice sun ce abin da yaro ya mayar nan take ba shi ne ma'aunin koyo ba, domin yana iya yin shiru alhali gyaran ya shige shi, yana kuma iya maimaitawa kamar aku alhali bai riƙe komai ba. Sauraren aji kaɗai ba zai raba wannan gardama ba.

Gwajin jinsin suna, 2004 zuwa 2006

Ya zaɓi jinsin suna domin gwajin da zai amsa sukar. An daɗe ana gaya wa masu koyon Faransanci cewa jinsi ba shi da ƙa'ida, sai dai a haddace kowane suna da nasa. Amma tun a shekarun 1970 masu bincike a Montreal suka nuna cewa masu harshen suna dogara da ƙarshen kalma wajen sanin jinsinta, har a kalmar da ba su taɓa ji ba. Mai Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, tunda ya san galibin sunayen da suka ƙare da wasalin "a" na mace ne, duk da akwai irin su gida da ruwa da suka fita daga layi. A Faransanci sunayen da suka ƙare da *-tion* ko *-ette* ko *-ance* galibi na mace ne, masu ƙarewa da *-ment* ko *-age* ko *-eau* galibi na namiji ne, sai 'yan tsiraru irin su *la plage* da *la peau* da suka saɓa.

Gwajin da aka buga a 2004 ya ƙunshi malamai huɗu da azuzuwansu takwas, yara 179 'yan aji biyar masu shekara 10 zuwa 11. An saka darasin jinsi a cikin abin da yaran ke karantawa dama, har da tarihin kafa birnin Kebek, inda aka yi wa ƙarshen sunayen baƙin rubutu domin ido ya sauka a kansu, aka sa yaran su tara sunaye masu ƙarshe iri ɗaya su gano ƙa'idar da kansu, sannan aka ba su ayyukan da sai sun furta *le* ko *la* kafin su wuce. An yi haka na kimanin sa'o'i tara a makonni biyar. Rukuni ɗaya ya sami darasin tare da zunguri, na biyu tare da gyara a fakaice, na uku darasin kawai babu gyara, na huɗu bai sami komai ba. An gwada su a baki da a rubuce, nan take da kuma bayan watanni biyu.

Duk rukunan da suka sami darasin sun wuce wanda bai samu ba. A gwaje-gwajen rubutu rukunin zunguri ne ya fi kowa, kuma rukunin gyara a fakaice bai yi wa rukunin da ya sami darasin kawai babu gyara wata tazara mai yawa ba. A gwaje-gwajen baki bambancin da ke tsakanin rukunan ukun bai fito sosai ba. A 2006 ya ƙarfafa tushen darasin da ƙidayar sunaye 9,961 daga wani ƙamus na yara, inda ya samu cewa kashi 81 cikin ɗari na sunayen mace da kashi 80 na sunayen namiji ana iya gane jinsinsu daga ƙarshensu.

Inda sakamakon bai tsaya ba, 2006 zuwa 2013

A shekarar 2006 ɗin dai, shi da wata mai bincike suka kwatanta azuzuwan Kebek da wasu azuzuwan tsunduma na harshen Japananci a Amurka, sai lamarin ya juye. A azuzuwan Japananci gyara a fakaice ne ya fi sa yara gyarawa. Dalilin da suka bayar shi ne waɗancan azuzuwan sun saba da maimaita magana tare da kula da daidaiton furuci, saboda haka kunnen yaran a shirye yake ya kama ɗan sauyin da malami ya yi. Daga nan suka fito da ra'ayin da ya zama ginshiƙin littafinsa na 2007, cewa gyaran da ya fi aiki shi ne wanda ya ja hankalin mai koyo zuwa ɓangaren da ajinsa ya yi sakaci da shi, kamar mai jaki da ke ƙara kaya a gefen mangalar da ya yi sauƙi. Ajin da ya nutse cikin ma'ana yana bukatar abin da zai tsayar da shi a kan sigar kalmomi da ginin jimla, ajin da ya nutse cikin nahawu kuma yana bukatar a sake shi ya yi magana.

A 2009 ya maimaita gwajin jinsi da ɗaliban jami'a 25 masu koyon Faransanci, ana yi musu gyaran ɗaya bayan ɗaya a wajen aji. Rukunan biyu duk sun ci gaba, kuma babu wanda ya fi wani. Babban mutum da ke zaune gaba da gaba da mai gwaji, wanda kuma aka riga aka koya masa ƙa'idar, ba ya ɗaukar gyara a fakaice a matsayin yabo. A 2010 shi da wani abokin aikinsa suka tattara sakamakon bincike 15 da aka yi a cikin azuzuwa, masu ɗalibai 827, suka samu cewa gyara yana da tasiri mai ɗorewa, zunguri ya fi gyara a fakaice, kuma ƙananan yara sun fi manya amfana. Duk da haka gardamar ba ta mutu ba, domin a 2013 wasu masana biyu sun buga raddi suna kare gyara a fakaice, shi da abokiyar bincikensa ta 1997 suka mayar da martani cewa malami yana bukatar hanyoyi dabam-dabam, ya zaɓa gwargwadon aji da abin da ake koyo.

Ƙarshen aiki

A shekarunsa na baya ya fi karkata ga horar da malamai, da haɗa malaman Faransanci da na Ingilishi masu koyar da yara ɗaya domin su tsara darasi tare, har ana karanta wa yara labari guda, wani babi da wannan harshe wani da wancan. A 2016 ya fitar da littafi da Faransanci domin malaman tsunduma, ya kuma yi ritaya daga McGill da muƙamin farfesa mai ritaya.

Hukunci

Abin da ya yi aiki a wannan lamari abu biyu ne a haɗe, kuma kowanne shi kaɗai bai wadatar ba. Na farko shi ne nuna wa yaro sigar a cikin darasin da yake yi dama, ta yadda ba sai an koma tsohon darasin nahawu da iyayen St. Lambert suka guje wa ba. Na biyu shi ne hana shi amsa a lokacin da yana da ita a cikinsa. Zunguri ba ya koyar da sabon abu, domin yaron da bai taɓa sanin *la rivière* ba ko an yi masa shiru har a tashi ba zai lalubo ta ba. Amfaninsa yana ga abin da aka sani amma baki ya saba da kishiyarsa, wanda shi ne ainihin ciwon waɗannan azuzuwa. Abin da ya gaza kuwa shi ne dogaro da ji kawai, da kuma gyaran da aka lulluɓe shi da ladabi har ya daina kama da gyara.

A ganina ƙarfin aikin wannan farfesa ya fito ne daga shekarun da ya yi riƙe da alli. Gyara a fakaice ya fi kyau a idon mai nazari, tunda ba ya katse magana kuma yana ajiye daidai kusa da kuskure, amma sai wanda ya tsaya gaban yara masu yawa ne zai yi zargin cewa ba sa jin sa. Ya kuma cancanci yabo da ya buga sakamakon 2006 da na 2009 da hannunsa, duk da sun rage faɗin iƙirarinsa na farko. Inda masu sukarsa suka fi gaskiya shi ne a kan alƙaluman 1997, waɗanda aka yi ta yawo da su kamar hujja ce a kan koyo alhali abin da ya faru a daƙiƙar da ta biyo bayan gyara kawai suka auna.

Malamin da ke koyar da yara da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram zai ga ajinsa a cikin wannan labari, musamman batun maimaicin da yaro ke ɗauka amincewa ne. Sai dai yaran Kanada harshen gidansu shi ne mai rinjaye a ƙasar, ana kuma koya musu karatu da rubutu da shi a makarantar, kuma iyayensu ne suka zaɓa musu tsarin, saboda haka ba a ɗauko alƙaluman can a ɗora a nan kai tsaye. Ko a Kanada ɗin ma, gwajin da ya fi ƙarfi a cikin waɗanda aka ambata makonni biyar ya ɗauka, awonsa na ƙarshe bayan watanni biyu aka yi shi, kuma fifikon zunguri a takarda ya fi fitowa, alhali matsalar da ta fara damun malamin a 1987 a bakin ɗalibansa ya ji ta.